Ranar da Kwamfutar Kawu Ta Shiga Rabon Gado

Ban taɓa nufin zama malama ba. Yajin aiki ne ya koro ni gida daga kwalejin da nake karatun kwamfuta, na dawo Agege ina zaman jiran a buɗe. Lokacin bai fi shekara da komawar sojoji bariki ba, kowa a unguwarmu na ganin tunda farar hula sun hau, arziki na nan tafe, abin da ya rage a share masa wurin zama.

Kawuna, yayan mahaifiyata, falken goro ne. Yakan saro daga Shagamu ya aika Arewa. Shi sharar da ya yi wa arziki ita ce kwamfuta. Wani abokinsa mai fiton kaya a Apapa ne ya gaya masa nan da ɗan lokaci ko mai sayar da rake sai ya iya latsa ta. Kawu bai yi shawara da kowa ba, ya sayi guda shida tokumbo, wato waɗanda Turawa suka gama cin moriyarsu. Ya sa aka kwashe huhunan goron da ke ɗakin saman shagonsa, aka jera tebura. Huɗu suka kama, biyu suka ƙi. Mai kayan kuma ya haɗa masa da gyara: kwali guda cike da littattafai, duk iri ɗaya, kowanne kaurinsa ya kai bulo.

Na buɗe ɗaya na duba. Littafin koyon rubuta furogiram ne, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta, kuma ta wata hanya mai wuya wadda ake gina komai a kan “abubuwa”, kowane abu da siffofinsa da aikin da yake yi.

Na ce, “Kawu, wannan fa ko mu a makaranta sai an yi nisa ake taɓa shi. Mu fara koya musu buga rubutu mana.”

Ya ce, “Buga rubutu? Irin na masu zama ƙarƙashin lema a bakin kotu? Injiniya, ɗaga littafin nan ki ji nauyinsa. Wa zai ɗaga wannan ya ce ba ilimi a ciki? Shi za ki koyar.”

Injiniya yake kirana tun ranar da na gyara masa rediyo ta hanyar juya batir.

Ɗalibai uku muka samu. Akwai Baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya gama aiki a Ebute Metta, wanda matarsa ta gaji da ganinsa a tsakar gida ta ce ya nemi wurin zuwa. Kullum yakan zo da kakinsa a goge, da usur rataye a wuya. Akwai Madam, 'yar kudancin Kaduna, sakatariya a wani ofishin fiton kaya, wadda oganta ya ce ko ta koyi kwamfuta ko a kawo wadda ta iya. Sai Direba, mai jan tankar mai, wanda yakan yi makonni a layin lodi a Apapa. Yakan bar motar a layi ya hau danfo, ƙaramar bas ta haya, ya taho. Shi burinsa ɗaya ne, ya aika wa ƙanensa da ke Jidda wasiƙa ta kwamfuta. Babu ɗayansu da ya taɓa riƙe linzaminta, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur. Ranar farko Baba ya ɗaga shi sama ya nuna wa gilashin kamar mai kunna talabijin.

Darasin farko shi ne bambanci tsakanin samfuri da abin da aka yi da shi. Na kwana biyu ina neman misali, sai na ga mai masar ƙofar gidanmu.

Na ce musu, “Kun ga tanda? Tanda ba masa ba ce, amma duk masar da ta fito daga cikinta, kamarta take ɗaukowa. To haka furogiram yake. Sai ka fara ƙera tanda, sannan ka riƙa fitar da masa ko nawa kake so.”

Baba ya ɗaga hannu. “'Yata, tandar ƙasa ce ko ta ƙarfe?”

“Duk ɗaya ne, Baba.”

“A'a, ba ɗaya ba ne. Ta ƙarfe ƙonawa take yi.”

Muka ci rabin awa a kan wannan. Madam ta goyi bayan Baba, Direba ya ce shi yunwa aka tayar masa, ya sauka ya sayo masa a leda, aka ci a kan tebur. A ranar dai sun gane tanda, sun gane masa. Kwamfuta ce kawai ba a kunna ba, don an ɗauke wuta.

Wuta kuwa ta fi zama a ɗauke. Janaretan Kawu ƙarami ne, kwamfuta ɗaya yake iya ja, ita ma sai an kashe fanka. Sai na ƙirƙiro dabara: su rubuta furogiram da alli a allo, ni kuma in zama kwamfutar. Nakan koma kusurwa in tsaya ƙyam, in karanta abin da suka rubuta layi-layi, in na ci karo da ɓarna in ce, “Kuskure!” ba tare da na ƙara komai ba. Suka karɓi abin da gaske. In ina kusurwar ba mai kirana Malama. Wata rana na yi atishawa, Direba ya ce da Madam a hankali, “Ta kamu da cutar nan da ake cewa tana kama kwamfutoci.”

Da muka wuce masa sai na ce mu ƙera tandar rago. Kowane rago yana da launi, da nauyi, da shekaru. Yana kuma iya ci, yana iya kuka. Suka rubuta. Na ce, “To yanzu ku halicci rago ɗaya daga ciki.”

Direba ya ajiye alli. “Subhanallahi! Malama, halitta ta Allah ce. Ni ba zan sa hannu a wannan ba.”

Madam ta ce ko a cocinsu ma haka ne. Daga ƙarshe muka daidaita a kan cewa kalmar da littafin ke amfani da ita wajen fito da sabon abu, mu a ajinmu ma'anarta “sayo”. Daga ranar ba mu sake halittar komai ba, sayowa muke yi. Baba kuma ya ƙi yarda da ragon da ba shi da ubangiji, ya ce ɓataccen rago fitina ne, sai da aka ƙara masa siffar “mai shi”.

Kawu yana jiyo mu daga shago. Da ya ji kwana da kwanaki ana ta rago, rago, sai ya ɗauka wahalar da ɗaliban ke sha ta rashin ganin abin da ido ce. Yana da wani ƙaton farin rago da yake turka wa Babbar Sallah a bayan shago. Wata safiya muna cikin darasi muka ji ƙwas-ƙwas a matakala, sai ga Kawu yana jan igiya, ragon na biye da shi.

Ya ce, “Ga shi nan. A makarantar gwamnati ma ana kawo kayan gwaji.”

Abin da Kawu bai sani ba shi ne rago na hawa bene, amma sauka sai ya ga dama. Da aka tashi aka ja shi, ya kafe ƙafafu a bakin matakala. Aka tura, aka lallaɓa da dusa, aka yi masa tsawa da Yarabanci ko ya fi ji, ya ƙi. Haka ya zauna tare da mu har Sallah ta matso. Aka ɗaure shi jikin taga, kusa da kwamfutocin nan biyu da ba su aiki. Direba yakan gaishe shi in ya shigo. Ragon ya cinye babi biyu daga littafin Madam, Kawu ya ɗauko mata wani daga kwali ko a jikinsa.

Amma ya yi mana rana sau ɗaya. Akwai wani darasi mai cewa umarni ɗaya ne za a bayar, kowane abu ya amsa da irin tasa hanyar. Na yi bayani har bakina ya bushe, ba wanda ya gane. Sai na ce, “Baba, kai ne jirgi. Direba, kai ne tanka. Madam, ke ce wayar ofis. Zan ce ‘yi kuka’, kowa ya yi nasa.”

Na koma kusurwa na ce, “Yi kuka!”

Baba ya busa usur da iyakar numfashinsa. Direba ya toshe hanci ya saki hon. Madam ta ce, “Girrin-girrin!” Ragon ya firgita ya kwarara nasa, ya fi na kowa. Kawu ya hawo da gudu, ya tarar da dattijo da magidanci da matar aure suna wannan, ni kuma ina tsaye a kusurwa kamar gunki. Ya dube mu ya gyaɗa kai.

Ya ce, “Madalla. Yanzu na ji karatu.”

Ana jibi Sallah 'yan dako huɗu suka zuro ragon ta taga da igiyar ɗaurin kaya, rabin layinmu na kallo.

Bayan Sallah muka shiga babin da ya jawo mini magana. Babin gado ne. Ma'anarsa, in ka ƙera tandar “mota” mai taya da inji da hon, ba sai ka sake rubuta waɗannan ba in za ka ƙera “tanka”. Sai ka ce tanka ɗiyar mota ce, ta gaji duk abin da mota ke da shi, ka ƙara mata tanki kawai.

Direba ya ce, “Allah ya ji ƙan motar. Yaushe ta rasu?”

“Ba ta rasu ba. Tana nan.”

“To da ranta ake cin gadonta?”

“A kwamfuta haka ake yi.”

Ya dubi Baba, Baba ya dubi rufi. Madam ta tambaya ko 'ya mace na samu. Na ce kowa na samun duka, ba a rage wa kowa, kuma na uban bai ragu ba. Direba ya ce wannan ba gado ba ne, aljanna ce. Na ƙara da cewa akwai abin da uba kan ɓoye, a rubuta masa “na sirri”, wannan ko ɗansa ba ya iya taɓawa. Nan duka ukun suka ce lallai wanda ya rubuta littafin nan ya san iyaye maza.

Da yamma Direba ya tsaya wurin mai shayin bakin titin jirgi ya ba da labari. Ban san yadda ya faɗe shi ba. Na dai san yadda ya dawo mini: wai a saman shagon Alhaji mai goro akwai na'urar da ke raba gado, kowa ya samu duka.

Ranar Asabar da hantsi, akwai wuta, muna zaune gaban kwamfuta, sai Kawu ya shigo da baƙi uku. Wa da ƙane da ƙanwarsu ne, 'ya'yan wani dillalin tumatir na kasuwar Mile 12 da ya rasu bara. Tun rasuwarsa suke ja-in-ja a kan abin da ya bari, har wan da ƙanen sun daina gaisawa. Kawu ya ba su kujeru yana ta fara'a.

Na ja shi gefe na ce, “Kawu, wallahi wannan abin ba ya raba gado. Sunan ne kawai ya zo ɗaya.”

Ya ce, “Injiniya, mutane sun hawo bene. Ko ruwa ne a ba su. Ki latsa musu wani abu.”

Ban kai ga amsawa ba sai muka ji sallama. Limamin masallacin layinmu ne, dattijo mai sanyin magana, wanda tun kafin a haife ni shi ke raba gado a unguwar. Ya hawo a hankali yana dafa bango.

Ya ce, “Na ji an yi mini abokiyar aiki, na ce bari in zo mu gaisa.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara rantse-rantse, ya ɗaga mini hannu ya ce in bari ya gani da idonsa, ya samu kujera ya zauna.

Ɗalibaina kuwa ko gezau. Su a ganinsu jarrabawa ce ta zo har gida. Madam ta ja kujera gaban kwamfuta, don ta fi su saurin yatsa. Baba ya tsaya a kanta yana ba da umarni. Direba ya juya ga baƙin ya ce, “Sai mun fara ƙera tandar marigayi.”

Wan ya ce, “Tandar wa?”

“Kai dai faɗi abin da ya bari.”

Wan ya lissafa: gida a Agege, rumfa a kasuwa, da wata danfo da ke kan duwatsu ba taya. Madam ta rubuta su a matsayin siffofin marigayi. Sannan aka sayo 'ya'ya uku, aka sa musu ɗa na ɗaya, ɗa na biyu, da 'ya, aka ce duk sun gaji marigayi. Baba ya ce a latsa. Madam ta latsa.

Kwamfutar ta yi ɗan gurnani ta fito da layi guda na Turanci. Ni na ga matsalar nan take. A harshen furogiram ɗin da muke koyo kowane layi sai an rufe shi da waƙafi mai ruwa, wato waƙafin nan mai ɗigo a kansa, Madam kuma ta manta ɗaya a ƙarshen jerin dukiyar.

Liman ya ce, “Malama, me ta ce?”

Na fassara masa yadda yake a rubuce. “Ta ce akwai abin da aka bari ba a sa ba, a ƙarshen kayan marigayi.”

Ƙanen ya juya a hankali ya dubi wansa. Wan ya cire hula ya share goshi ya mayar. Na buɗe baki zan ce waƙafi ne, sai ya riga ni.

Ya ce, “Filin Sango ne. Da ma ina da niyyar faɗa.”

Ƙanen ya miƙe tsaye. “Wane filin Sango?”

Aka yi ta hayaniya. Liman ya ce a zauna, aka zauna. Na ce, “Allah gafarta Malam, wallahi ɗigo ne da waƙafi ta rasa, ba fili ba.” Ya ce, “To a sa mata duka biyun.” Madam ta sa waƙafin, ta ƙara fili. Ta sake latsawa.

Wani layin ya sake fitowa. Wannan karon wajen gyara ne yatsanta ya zame, inda za ta buga biyu ta buga uku. Na yi ta fatan wuta ta ɗauke. Ranar kuwa ta zauna daram.

Liman ya ce, “Muna jin ki.”

Na ce, “Kuskuren bugu ne, Malam.”

“Na ji. Amma me ta ce?”

“Ta ce akwai ɗa na uku da ba a gabatar mata da shi ba.”

Wan da ƙanen suka dubi juna, karo na farko a ranar da fuskokinsu suka zo ɗaya. Ƙanwar ta sauke jakarta daga cinya ta ajiye a ƙasa.

Ta ce, “Na Abeokuta ne.”

Ashe kafin mahaifinsu ya auri uwarsu ya taɓa auren wata Bayarabiya, suka rabu tana da goyo, ta koma garinsu da yaron. Da ciwonsa ya yi tsanani ya gaya wa 'yarsa, don ita ke jinyarsa, ya ce ta gaya wa 'yan'uwanta. Ita kuma da ta ga yadda suke kamar za su cinye juna a kan danfo marar taya, sai ta kasa.

Madam ta ɗaga yatsan da ya yi ɓarnar tana nuna wa kowa, tana cewa, “Ni ne fa, ni ne na buga!” Ba wanda ya kalle ta. Direba ya ja da baya daga teburin yana salati. Baba ya ƙame ya sara wa kwamfutar.

Liman ya miƙe ya ce wa 'yan'uwan su bi shi masallaci, can za a yi rabon yadda Littafi ya ce, bayan an aika Abeokuta. A bakin matakala ya tsaya ya juyo gare ni.

Ya ce, “Malama, na san yatsa ne ya zame. Ni ma ina da ido. Amma wata takwas ina tambayarsu ko akwai saura, suna ce mini babu.”

Washegari Kawu ya aika a kira mai rubuta allon talla, a rubuta cewa ana raba gado a nan. Sai da mahaifiyata ta zo da kanta, Liman kuma ya aiko, sannan ya haƙura, yana ƙorafin an tsaya wa arziki a hanya. Duk da haka mun yi makonni muna korar mutane. Wata ta zo a gano mata wanda ya ɗauke mata akuya. Wani ya zo da hoton yarinyar da yake nema a duba masa ko akwai abin da aka bari ba a faɗa ba. Madam ta daina yin kuskure gaba ɗaya saboda tsoro, har ta zama ita kaɗai ce cikinsu furogiram ɗinta ke tafiya a bugun farko. Ogan nata bai kawo wata ba. Direba ma ya aika wasiƙarsa Jidda daga wani shago a Ikeja, ya dawo yana fushi, wai ba a tambaye shi ko tanda ɗaya ba.

Ana saura 'yan kwanaki in koma makaranta, da yamma muna shirin tashi, wani mutum ya hawo. Zai yi shekara arba'in da wani abu, sanye da kayan kanikawa, ɗauke da ƙullin garin rogo da turmin adire, shuɗin yadin nan na Abeokuta. Ba ya jin Hausa ko kaɗan. Da Yarabanci ya ce shi ne ɗa na uku. An ba shi rabonsa, ɗakuna biyu a gidan Agege da wani yanki na filin, an kuma ce masa wata na'ura ce ta ambace shi. Ya zo ya yi mata godiya.

Na yi masa bayanin yatsan Madam da Yarabancina na 'yar Agege, dalla-dalla. Ya saurara da ladabi har na gama, sannan ya tambaya wacce ce a cikin kwamfutocin. Na nuna masa. Ya shimfiɗa mata yadin a ka, ya ajiye garin a gefenta, ya tsaya yana kallon gilashin.

Can ya ce, “Anti, tunda ta san ni, ko ta san mahaifina? Ban taɓa ganinsa ba. Ko hotonsa da suka nuna mini ya dushe. Ina so in san wane irin mutum ne.”

Na ce masa wannan kam ba ta sani ba.

Baba, wanda ke naɗe littafinsa a leda, ya ɗago. Shekarun da ya yi a Ebute Metta sun sa Yarabanci a bakinsa kamar ruwa. Ya ce, “Dillalin tumatir? Dogo, mai wushirya? Ai a jirginmu yake sauke kaya kafin a koma manyan motoci. Kullum sai mun yi faɗa da shi a kan kwanduna. Mutum ne mai taurin kai, ga dariya kamar ana tayar da babur.”

Mutumin ya taɓa bakinsa. Shi ma wushiryar gare shi.

Baba ya ce, “Zo mu je wurin mai shayi, labarin da tsawo. Akwai ranar da ya bi jirgi da gudu tun daga tasha har gadar sama saboda kwando ɗaya.”

Suka sauka tare, Baba na gaba yana ta bayani da hannu. Ni da Madam muka rufe tagogi, muka raba garin biyu, ta ɗauki nata ta tafi neman danfo.